Datsin Rafinmu da Yatsan Baba

Ranar wata Litinin ce cikin watan Satumba, a farkon shekarun tamanin, ina aji uku na firamare, ruwa ya cinye datsin rafinmu. Na fito da safe zan tafi makaranta, littafi a hammata, ga ɗan ɗaurin itacen da malaminmu ya ce kowa ya kawo masa, sai na ji rafi yana wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na ajiye itacen a bakin hanya na gangara. Can na tarar da Baba a tsaye, galma a hannu, ko juyowa bai yi ba. Ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, ya cika ya batse, inda datsin yake jiya kuwa babu komai sai kumfa. Ina kallo gaɓar ƙetare ta tsage, ta ɗan tsaya, sannan ta zube cikin ruwa da ayabar Malam Isa a kanta. Malam Isa, Bahaushen da ke noman lambu a ƙasan ƙauyenmu tun kafin a haife ni, yana zaune a kan dutse yana ta salati. Ranar ban je makaranta ba, washegari kuma na sha bulala har da ta itacen da wani ya ɗauke.

Wanda bai san datsi ba zai ɗauka wani babban gini nake nufi. Ina, duwatsu ne kawai da laka da turakun gora, kakanninmu suka jera suka tare rabin rafin, don ruwa ya ɗan taso ya karkata ya shiga wata 'yar hanya da aka haƙa masa a gindin tudu. Wannan hanyar ita ke zagayawa ta shayar da lambuna har ƙarshen fadama. Mu Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, doya da dawa muka sani, su kuwa na damina ne. Daga an yi girbi har ruwa ya sake sauka, miyar ƙauyen gaba ɗaya daga wannan hanyar take fitowa: alayyafo, kuɓewa, gauta, tumatir, barkono, da raken da muke sata a yi mana duka. Baba shi ne mai raba ruwa. Kowace safiya ta rani yakan bi hanyar da galmarsa, ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan da hoge, kowa da ranarsa. Ban taɓa jin an ce ya fifita namu ba. Mama ma cewa take yi kullum namu ne na ƙarshe, kuma ba yabo take yi ba.

A bakin wannan rafin na girma. Nan muke wanke kwanuka da yashi har su yi fes, nan muke jiƙa dawar kunu, nan muke shanya wanki a kan faffaɗan dutse mu zauna muna carafke har kayan su bushe. Idan manya sun kau da ido mu shiga ƙasan datsin da tsohon kwando muna tare ƙananan kifaye, mu zura hannu cikin rami neman ƙaguwa, in ta ciji mutum a yi masa dariya har gida. Gaɓar biyu cike take da ciyawar jema da gora da tukurwa, sai ka sunkuya kake wucewa. Ba mu san cewa su ke riƙe da ƙasar ba. Mu dai mun san wurin ɓuya ne mai kyau.

Sai aka fara cewa za a ɗauko gwamnati daga Legas a kawo ta wajenmu. Mu yara mun ɗauka a babbar mota za a kawo ta, har muna gardamar ko mace ce ko namiji. Abin da ya fara zuwa dai tifa ce. Gini yana son yashi, rafinmu kuwa yana da yashi mai kyau. Ba zan ɗora wa baƙi laifin duka ba, don samarin ƙauyenmu da kansu suka riƙe shebur suna loda wa direbobi, su suka sare gora suka ƙone jema don mota ta samu hanyar sauka har cikin ruwa. Baba ya yi magana, aka ce tsufa ne ke damunsa tun bai tsufa ba. Rani biyu ana kwasa, cikin rafin ya zurma, gaɓar ta tsaya tsirara. Damina ta uku ta zo ta yi abin da na gani ranar Litinin ɗin nan.

Ranin da ya biyo baya ba ƙaramin wuya muka sha ba. Hanyar ruwa ta bushe ƙayau, awaki na kwana a ciki. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa muka yi ta sha har ta fita ranmu. A nan ne aka gane ba mu kaɗai muka yi asara ba. Akwai su Malam Isa, gida biyar na masu lambu, waɗanda ba su da wata sana'a. Akwai kuma leburorin da kamfanin gini ya zube a wani zango bayan tudu, mutanen Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, waɗanda daga rafin suke sha, a wajenmu kuma suke sayen kayan miya. Da can ba ma shiri da su sosai, gaisuwa kawai. Wani birkila a cikinsu mai suna Bitrus, gajere mai faɗin ƙirji, shi ya zo ya samu Baba ya ce idan za a tayar da datsin su ma za su sa hannu, don sun gaji da shan ruwan laka.

Matan ƙauye ne suka fara. Suka jawo gungumen itace suka gindaya a hanyar da tifa ke sauka, suka zauna a kai suna ɓarar gyaɗa. Direba ya yi ta danna oda, Mama ta ce masa, «Oga, in kana sauri ka bi ta kanmu.» Kwana huɗu suka yi a wurin, motocin suka koma wani rafin, Allah Ya ji ƙan mutanen can.

Daga nan aka sa gayya. Juma'a ta Musulmi ce, Lahadi tamu ce masu zuwa coci, don haka aka tsayar da Laraba da Asabar. Ranar farko saura kaɗan aikin ya watse tun ba a ɗaga dutse ɗaya ba. Tsohon da ke riƙe da al'adar gargajiya ya zo da baƙar kaza zai yanka a kan dutsen farko, malamin cocinmu ya ce sam, Malam Isa kuma ya ce shi dai ba zai tsaya ana wannan ba. Baba ya saurare su duka, sannan ya ce kowa ya yi nasa bi da bi, wanda ba nasa ba ne ya je ya duba gora. Haka aka yi. Sau uku mutane suna juya baya suna duba gorar da babu abin da ya same ta, kazar kuma da rana ta shiga tukunya, ban ga wanda ya tambayi asalinta ba.

Aikin ya ci wata uku. Maza na fasa dutse a tudu, mata na kwasowa. Matanmu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, leburori kuwa da kwanon sarki a ka, suna ta yi musu tsiya wai kan Gwari ya fi ƙarfin aiki. Kafin la'asar su ne ke zaune suna matsa wuya, iyayenmu mata na wucewa ta gabansu da duwatsu a kafaɗa. Bitrus ya kawo tsofaffin buhunan siminti aka cika da ƙasa, ya kuma koya wa su Baba wata dabara: a bar tsakiyar datsin ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa manyan duwatsu a bayansa, don in ambaliya ta zo ta haye ta wuce ba sai ta yi kokawa da bango ba. Su Malam Isa suka san gangaren ruwa, su suka sake haƙa hanyar, Malam na tafe yana zuba ruwa daga buta yana kallon inda zai nufa. A gaɓar da ta zube aka kafa turakun gora layi biyu, aka saƙa reshen tukurwa a tsakani, aka cika bayan da ƙasa.

Dashen jema kuwa namu ne, 'yan makaranta. Aka je wani rafi mai nisa aka tono ta da saiwarta, muka zauna muna raba ta tushe-tushe. Kowane yaro aka auna masa nasa yanki. Nawa ya tashi daga gindin ɓaure zuwa dutsen shanya, kuma kullum kafin in tafi makaranta sai na ɗebo ruwa a ƙwarya na bi ta tushe ɗaya-ɗaya. Ganyen jema yanka yake yi. Hannuna duk ya tsattsage, riƙe fensir ma sai da dabara, malaminmu ya ce rubutuna ya koma tafiyar kaza. Ban damu ba. Ranar da aka buɗe bakin hanyar, ruwa ya shigo a hankali yana tura busassun ganye a gabansa, muka bi kansa da gudu muna ihu har ƙarshen fadama. Na juyo na ga Baba ya tsuguna ya sa hannu cikin ruwan, ya daɗe a haka. Damina biyu suka zo suka wuce, datsin ko gezau. Gaɓar ta yi kore shar, kifi ya dawo, Malam Isa ya sake dasa ayaba.

Ina aji shida masu ƙidaya suka zo. An ce inda ƙauyenmu yake, can gefen da yanzu ake kira Maitama, yana cikin taswirar birni, don haka za a tashe mu a kai mu wani wuri. Aka tara mu a ƙofar gidan mai gari. Wanda ke riƙe da littafin wani saurayi ne mai tabarau, kuma gaskiya ba mugu ba ne, ya yi bayani dalla-dalla da Hausa. Mai gida za a ba shi gida, mai gona za a ba shi gona. A sabon wurin akwai rafi da fadama a gefe guda, amma ƙauyuka uku za a zuba a can, fadamar kuma za a ba ƙauyen da littafi ya nuna yana noman rani. Ya ce ya ga datsinmu, bai ga irinsa ba a duk yawon da ya yi. Abu ɗaya ya rage, a rubuta sunan mai shi, ya dangwala yatsa. Mai gari ya ce a rubuta sunan ƙauye. Saurayin ya nuna masa takardar, ya ce gurbin na mutum ɗaya ne, in ya rubuta ƙauye za a dawo masa da ita daga ofis.

Mutane suka kalli juna. A wajenmu ba a cewa ruwa na wane ne. Gona ana gadonta, itace ana gadonsa, har ramin doya yana da mai shi, amma ruwa a'a. Ko da wasa mutum ya ce «ruwana», sai ya kawo akuya ya ba dattawa haƙuri a bakin rafi. Da wannan aka haife mu, Kirista da Musulmi da mai gargajiya, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mai gari ya kalli Baba, ya ce ai shi ke raba ruwa. Baba ya ce rabawa yake yi. Aka juya wajen Malam Isa, ya ce shi baƙo ne, ba zai ci abincin mutane shekara arba'in sannan ya rubuta rafinsu da sunansa ba. Bitrus ya miƙe ya ce shi ba ruwansa da akuya, a kawo ya dangwala, saurayin ya ce ba a ƙidaya leburori, sai 'yan asalin wuri.

Da yake ni ce mai karatu a gidanmu, ni na rubuta sunan Baba a takardar gida da ta gona, biron yana hannuna. Saurayin ya turo mini takarda ta uku, ya buɗe ɗan kwalin tawada ya ajiye a gaban Baba, ya ce, «Baba, suna ne kawai. Ba wanda zai hana kowa ruwa. In ba a sa ba, wallahi fadamar nan wasu za a ba.»

Mata ba sa magana a irin wannan taro, amma Mama ta yi. Daga bayan mutane ta kira Baba da sunana, ta ce, «Baban Ladi, ka dangwala. Akuyar ni zan kawo.»

Wasu suka yi 'yar dariya, Baba bai yi ba. Ya ce, «Ba a yi.»

Na riga na ɗora bakin biro a kan takardar. Harafi biyar ne sunan nan, na san su kamar yunwar cikina, kuma da na rubuta na tabbata mutane za su taru a kansa har ya sa yatsa. Baba ya ɗago ya kalle ni. Bai harare ni ba, kallo ne kawai. Na ajiye biron. Saurayin ya ba mu kwana ɗaya mu yi shawara, ya kuma dawo washegari kamar yadda ya ce, abin da ban taɓa ganin ma'aikaci ya sake yi ba. Dattawa sun yini suna magana, kowa na son a sa suna, ba wanda ke son ya zama nasa. Saurayin ya jira har rana ta take, ya rufe tawadarsa, ya ja layi a kan takardar daga kusurwa zuwa kusurwa.

Bayan girbi aka kwashe mu a manyan motoci. Gidajen bulo ne a jere da rufin kwano, da rana kamar tanda, ƙasar kuma tsakuwa. Fadamar aka ba wani ƙauye da duk noman raninsu bai wuce rijiya ɗaya da jigo ba, amma sun samu mutumin da ya dangwala. Daga ƙofar gidanmu muna hango koren lambunsu. Ba a ba su Malam Isa komai ba, ya tattara iyalinsa ya koma arewa, har ya rasu ban sake ganinsa ba. Bitrus ya bi kamfani wani wurin. Da rani Mama ta koma saran itace, tana kaiwa bakin titi a kafaɗa, ni ina biye da ita. Na ci jarrabawar shiga sakandare, ban je ba, don gidan da ba shi da lambu ba ya iya rasa hannu ɗaya. Duk ranar da Mama ta sayo alayyafo sai ta ajiye shi a gaban Baba kafin ta yanka. Haka suka zauna shekara ashirin da wani abu.

Baba daga baya ya samu aikin ban ruwan fulawa a wani katafaren gida a Maitama. Mutumin da ƙauye guda ke jiran galmarsa ya koma riƙe roba yana jiƙa ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci. Rafin namu an sa shi cikin kwalbati, titi ya bi ta kai. Na taɓa sauka daga mota na leƙa, ban ga jema ko tushe ɗaya ba, sai leda da robobin ruwa. Da ya tsufa ya kwanta ciwo na tambaye shi, sau ɗaya tak, ko ya yi nadama. Ya ce, «Aikin dai ya yi kyau, Ladi.» Na tashi na fita don kada in faɗi abin da ke bakina. Na ji haushinsa yana raye, na ji haushinsa bayan mun binne shi, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya wuce ba. Karatuna ya tafi, ƙarfin Mama ya tafi, a kan kalma uku da ko bayaninsu bai iya yi mana ba.

Yanzu kifi nake sayarwa a kasuwar Kado, ina da jikoki. Shekara uku da suka wuce, mu mutanen layinmu muka gaji da sayen ruwan 'yan garuwa, muka haɗa ƙarfi, Hausawa da Tibi da Ibo da mu, muka haƙa rijiyar burtsatse. Maza suka yi ginin tanki da hannunsu, mata muka yi ta dafa abinci, har na ji wani abu da na daɗe ban ji ba. Da aka zo yin takarda aka ce sai an sa sunan mutum ɗaya, mutane suka fara kallon juna. Ban bari an kai ga shawara ba. Na karɓi biro na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, na ce a raina ba za a yi mini sau biyu ba.

Rijiyar tana nan, ba wanda ya ƙwace ta. Sai dai kafin shekara ta zagayo yara sun fara ce mata rijiyar Mama Ladi. Matan da muka dafa abincin gayyar tare suka koma yi mini sallama suna neman izini kafin su ɗiba, na yi faɗa har na gaji. Ranar share magudana da muka sa duk ƙarshen wata, farko mu goma sha ne, daga baya biyar, watan jiya ni kaɗai ce da jikata. Shekaranjiya injin rijiyar ya tsaya, maƙwabcina da ya ɗora bulon tankin nan da hannunsa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa cikin ladabi ya ce, «Mama, rijiyarki ta lalace.» Ya juya ya tafi aikinsa.

Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Haushin Baba yana nan a raina yadda yake, sai dai yanzu ban san inda zan ajiye shi ba.